Injin jirgin da ya sha ruwan teku: da me ake cire ɓawon da ya toshe shi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Damagaram nake. Na sayo injin jirgin ruwa na hannu daga Legas, mai shan gazuwal, silinda biyu, irin wanda ruwan teku ke shiga cikinsa kai tsaye ya sanyaya shi. Niyyata in aika wa ƙanena da ke aikin kwale-kwale wajen Diffa. Da muka tada shi a gareji nan Zinder, bai jima ba ya ɗau zafi. Makanike ya buɗe gidan tamostat, ɗan abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, muka tarar da wani farin abu ya daskare kamar dutse. Shi ya ce a ɗura masa ruwan batir ya kwana, wani kuma ya ce asid ɗin masu wanke tayil ya fi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka riƙe hannun makaniken nan tukuna. Kada ruwan batir ya shiga injin nan ko na awa ɗaya, balle a ce ya kwana. Na yi shekaru ina gyaran injinan jiragen masunta a bakin teku kafin in dawo gida, kuma injin da ɓawo ya galabaitar yakan tashi in an bi shi a hankali. Wanda asid mai ƙarfi ya ci kuwa, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Abin da ke zaɓa maka asid shi ne ƙarfen da ya fi rauni a cikin injin, taurin ɓawon ba shi da ta cewa.

Amma bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Yaya kuka ba shi ruwa lokacin gwajin? Na san halin garinmu da ruwa, ba mai sayen kurar ɗan ga-ruwa ya malalar a ƙasa don gwada inji. Abin da aka saba shi ne a tsoma tiyon shiga cikin bokiti ko rabin tano, ruwan da ya fito a tare shi a mayar. To wannan inji ba shi da radiyata, ba shi da fanka. An ƙera shi ne a kan cewa teku za ta riƙa ba shi sabon ruwa mai sanyi ba yankewa, shi kuma ya watsar da mai zafi. In ka ba shi ruwan da ya wuni a rana, kana kuma mayar masa da wanda ya fitar, ko sabo fil ne daga kwali zai yi zafi. Ban ce babu ɓawo ba, tunda kun gani da ido. Ina so dai ka san ba lallai shi kaɗai ne mai laifi ba. Haka kuma ku buɗe marfin famfon ruwa ku duba farfelar robar da ke ciki. Injin da ya yi watanni a ajiye, ya sha zafin hanya daga Legas zuwa Kano zuwa nan, robarsa takan bushe, fikafikanta su lanƙwashe ko su karye. In ka ga fiffike ɗaya babu, ka tabbata yana nan a maƙale a gaba, a cikin tiyo ko a bakin bulok, wato gangar jikin injin, kuma asid ɗin wankin ba zai narkar da roba ba. Sai an nemo shi da hannu.

Shi farin abin nan, ga asalinsa. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35. Mafi yawansa irin gishirin miya ne, wanda ruwan ɗumi kaɗai ke wankewa. Matsalar tana wajen ƙananan da ke biye da shi: kalsiyam kusan miligiram 400 a lita, maganiziyam kusan miligiram 1,300, sai kuma sinadarin kabonet. Yawancin abubuwa zafi na ƙara narkar da su a ruwa, amma kalsiyam kabonet, wato sinadarin farar ƙasa, akasin haka yake yi: ruwa na ƙara zafi, yana fita daga cikinsa yana mannewa a jikin ƙarfe. Ka leƙa gindin butar shayin da ta daɗe a kan gawayi, za ka ga ƙaramin abin da ke cikin injinka. Daga wajen digiri 60 zuwa sama abin ke tsananta. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan injina ke sa musu tamostat mai buɗewa da wuri. Ƙananan injinan Yanmar na jerin GM masu shan ruwan teku kai tsaye, tamostat ɗinsu na fara buɗewa a digiri 42, alhali 'yan'uwansu masu ruwan daɗi a rufe sai sun kai 71, na mota kuma yawanci sama da 80. In wani a can baya ya sa wa injin nan tamostat na mota don shi ya samu a kasuwa, to ka gano wanda ya shuka maka ɓawon.

Baƙin ƙarfe na wucewa da zafi fiye da ɓawon nan kusan sau ashirin. Ke nan kaurin milimita 1 kawai ya zama kamar an ƙara wa bangon silinda santimita 2 na ƙarfe. Zafi ya kasa fita, bangon ya ƙara zafi, sabon ɓawo ya hau kan tsoho. Kuma inda ya fi taruwa shi ne inda ba ka gani, cikin kan silinda, kewayen bawul na hayaƙi, inda hanyoyin ruwa suka fi ƙunci.

Kafin ka sayi komai, ka yi gwajin da ba zai ci maka ko dala ba. Ka ɓanɓaro ɗan guntun ɓawon da sukudireba, ka raba shi biyu. Ɗaya ka jefa cikin kofin ruwan zafi, ɗaya cikin ruwan khal, wato binegar da ake sa wa salak. In na ruwan zafi ya narke, busasshen gishiri ne, ka huta. In na binegar ya fara tsiyayar da ƙananan kumfa yana 'yar ƙara, farar ƙasa ce, asid mai sauƙi zai gama da ita. In kuwa ya zauna shiru bai motsa ba, wataƙila kalsiyam salfet ne, wanda ke fitowa a injin da aka sha ƙonawa da zafi, kuma wannan asid ba ya yi masa komai sai an kankare. Baƙi-baƙi ko ja-ja mai ɓarewa falle-falle kuma tsatsa ce, jikin bulok ɗin ne da kansa ke zubewa.

Yanzu ruwan batir. Asid salfurik ne, kusan kashi ɗaya cikin uku. In ya haɗu da farar ƙasa zai yi kumfa na ɗan lokaci, makanike ya yi murmushi ya ce ka gani ko. Amma abin da haɗuwarsu ke haifarwa shi ne kalsiyam salfet ɗin nan da na ambata, dangin farar hodar da ake ɗaurin karaya da ita a asibiti. Sai ta lulluɓe sauran ɓawon, asid ya daina kai masa, ya juya kan ƙarfen da ke a buɗe, da tagulla, da gaskit, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗar sassan inji. Da safe ka wayi gari da ɓawo mai taurin da ya fi na jiya, a cikin injin da ya fi na jiya rauni.

Na masu tayil shi ne asid haidirokulorik. Wannan kam yana cin farar ƙasa da sauri, ba musu, kuma abin da yake bari na narkewa a ruwa. Wasu magungunan da kamfanoni ke sayarwa don wannan aiki da shi ake haɗa su, amma an tsinka shi sosai an kuma zuba masa sinadarin da ke kare ƙarfe. Na kasuwa tsirara yake. Yana cin alminiyam har ka ga yana tafasa, yana cinye tutiya cikin mintuna, yana zuƙe tutiyar da ke cikin tagulla ya bar ta ja mai ɓurɓushi, hayaƙinsa kuma na sa duk sifanan gareji su yi tsatsa. Ni wuri ɗaya nake yarda da shi: in an kwance kan silinda na baƙin ƙarfe zalla an ajiye a fili, a tsinka kashi ɗaya cikin goma na ruwa, a tsaya a kansa minti 20 zuwa 30, a wanke. Cikin haɗaɗɗen inji, a'a.

Abin da nake ba ka shawara shi ne asid sitirik, farar hodar nan mai tsami da masu haɗa lemo da alawa ke saye. Ka tambaya wajen masu kayan haɗa lemo a kasuwar Dole, in ba a samu ba a taho maka da ita daga Kano. Kilo 1 cikin lita 10 zuwa 15 na ruwa. A lissafi kilo ɗaya na iya narkar da fiye da rabin kilo na farar ƙasa, don haka kilo 2 zuwa 3 sun ishi inji irin naka har da maimaici. Tana kuma taɓa tsatsa, ga shi ba ta da hayaƙi. In ka dace da asid salfamik, wanda ake wanke manyan tukwanen tururi da shi, ya fi ta ƙarfi a kan ɓawo, shi ma kashi 5 zuwa 10 cikin 100, sai dai kada ruwansa ya wuce digiri 60 don zafi na lalata shi. Binegar na aiki, amma ka yi lissafi: lita ɗaya mai ƙarfin kashi 5 ba ta narkar da fiye da giram 40 da 'yan kai. Sai ka ƙarar da kwalaben kanti guda kafin ka ga haske. Na san kuma wani zai ce maka ai tsamiya ma tsami ce, ga ta a banza. Ka bar ta a kunu. Tsaminta in ya haɗu da kalsiyam yana zama gari mai kwanciya, ga kuma ɓargo da zare da za su ƙara toshe maka hanya.

Aikin kansa da injin a kashe ake yinsa, kuma shirin ya fi wankin muhimmanci. Ka kwance sandunan tutiya da ke ɗaure a jikin bulok ko kan silinda, waɗanda aka sa don gishiri ya ci su a madadin inji, ka toshe ramukansu da marfinsu. In ka bar su, asid zai ƙare ƙarfinsa a kansu. Ka cire tamostat ka mayar da marfin gidan, shi tamostat ɗin kuma ka jiƙa shi daban a kofin maganin. Famfon ruwa ka tsallake shi gaba ɗaya, ka cire tiyon da ya tashi daga gare shi zuwa bulok, nan ne ƙofarka ta shiga.

Abu biyu ne mutane ke mantawa, kuma kowanne na iya ɓata aikin. Na farko, tiyon da ke kai ruwa ga gwiwar salansa, inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi su fita tare. Dole ka cire shi daga gwiwar ka karkato shi cikin bokiti. In ka bar shi a haɗe kana tura ruwa alhali inji ba ya aiki, babu hayaƙin da zai kore shi waje, sai ya cika salansa ya gangaro ta bawul ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa. Ranar da ka murza inji, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Na biyu, akwai wani ɗan tiyo na ratse da ke ɗaukar ruwa daga famfo ya kai shi salansa ba tare da ya bi ta bulok ba, don lokacin da tamostat ke rufe. Ka matse shi ko ka toshe. In ba haka ba asid zai bi gajeriyar hanya ya yi ta zagaye, bulok na nan yadda yake. Wannan ɗan tiyon ne ma ke yaudarar masu jirgi: suna ganin ruwa na feshi da ƙarfi ta salansa su ce lafiya lau, alhali ko cokali bai ratsa cikin inji ba.

Sai ka samo ƙaramin famfo mai aiki da batir na bolt 12, ka tsoma shi cikin bokitin roba, ba na ƙarfe ba. Ka fara zagaya ruwan ɗumi zalla na rabin awa, don gishiri da laka su fita, kuma ka ga inda ke yoyo tun asid bai shiga ba. Daga nan ka haɗa maganin. Ruwa ake fara zubawa, sannan asid a kansa, kowane irin asid ne. Ɗumin digiri 40 zuwa 50 ya isa, wanda a watan Afrilu jarkar da ta wuni a rana ta ba ka shi kyauta. Ka ɗaura tsumma a bakin tiyon dawowa ya riƙa tare ɓarɓashi, kada famfo ya mayar da su ciki. Kada ka toshe bakin nan ko ka rufe bokiti: giram 100 na ɓawo in ya narke yana sakin iska fiye da lita 20, in ba ta sami mafita ba za ta fizge tiyo ta watsa maka asid a fuska. Tabarau da safar hannu, kuma a yi a sarari. Ruwan jabel, wato bilic na wanki, kada ya zo kusa, haɗuwarsa da asid na fitar da iska mai kisa.

Za ka ga ruwan ya fara dawowa da kumfa fari, can ya koma rawaya, can kuma ruwan ƙasa in ya kai ga tsatsa. Bayan awa ɗaya ka sauya tiyo, ka tura ta inda yake fita, don lungunan da ruwa ke tsallakewa a tafiya yakan same su a dawowa. Yadda za ka san ko maganin na da sauran rai, ka ɗiga shi a kan ɓawon ƙwai. In ya yi kumfa yana nan, in ya yi shiru ya mutu, ka zubar ka haɗa sabo. Kada ka gwada da allin makaranta, da yawansa ba farar ƙasa ba ne, ba ya kumfa ko da asid na da ƙarfi. In kuwa maganin na cin ɓawon ƙwai amma ya daina kumfa a cikin inji, aiki ya ƙare. Yawanci awa 2 zuwa 4 ne. Ban yarda da a bar shi ya kwana ba, ko da sitirik ne, domin in ya ƙoshi da kalsiyam ya daɗe a tsaye yakan sake zubar da wani farin gari a cikin hanyoyin da ka sha wahalar buɗewa.

Da ka gama, ka kore shi da ruwa mai kyau, sannan ka kashe sauran tsamin. Bikabonat na masu burodi, cikin tafin hannu biyu a lita 10, ya zagaya minti 15. In babu, kanwa na yi, ita kam ba sai an je Kano ba. Ka jiƙa ta, ka bari ta kwanta, ka tace da ƙyalle, don kanwarmu ba ta rabuwa da yashi. Soda ta masu sabulu kuwa kada ka taɓa, tana cin alminiyam kamar yadda asid ke ci. Ka sake ɗauraye da ruwa har sau biyu. Tsohon maganin ma ka zuba masa kanwa har ya daina kumfa kafin ka zubar, kuma a rami, nesa da tabkin da dabbobi ke sha.

Akwai maganar da gara ka ji ta yanzu. Injin baƙin ƙarfe da ya yi shekaru yana shan gishiri, wani lokaci ɓawon ne ke toshe ramukan da tsatsa ta riga ta huda. Ka wanke, ka ga ruwa na tsatsafowa ta marfin toshi na jikin bulok ko ta gaskit. Mutane sai su ce asid ne ya huda, da an sani da an bar kaza cikin gashinta. Ni a wajena gara ramin ya bayyana a gareji a Zinder da ya bayyana ƙanenka na tsakiyar ruwa da kaya da mutane. Don haka kafin ka haɗa komai, ka toshe mafita, ka ɗaga tiyon shiga sama kamar mita 2 ka cika shi da ruwa, ka sa alama, ka bar shi zuwa safe. In ruwan ya sauka, ka nemi inda ya bi. Ka zaro ma'aunin baƙin mai: in man ya koma fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga, kada a tada injin. Marfin toshi da gaskit abin canzawa ne mai araha. Bulok da ya tsage daga ciki kuwa, wannan sai ka koma wa wanda ya sayar maka.

In kuma tun farko ruwa ya ƙi ratsawa sam, ko yana ɗigowa da ƙyar, asid ba zai taimake ka ba, don inda ruwa ke bi kaɗai yake zuwa. Sai a kwance kan silinda a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da waya mai tauri, a sa sabon gaskit, a ɗaure kusoshi da sifana mai auna ƙarfi bisa tsarin littafin injin. Gwiwar salansa ma a cire ta a leƙa. Abin da ke toshe ta yawanci baƙin gawayin hayaƙi ne da tsatsa, sai kurfi da guduma, in ta yi sirara kuma a sauya.

Wajen haɗawa, sabuwar farfela, a shafa mata ruwan sabulu ba baƙin mai ba, don mai na kumbura irin wannan roba. Sabbin sandunan tutiya. Tamostat kuma ka jefa shi cikin ruwa a kan wuta ka ga ko yana buɗewa tun ruwan bai fi ƙarfin yatsa ba. In sai ruwa ya kusa tafasa yake motsi, ba nasa ba ne. Kuma don Allah kada makanike ya ce maka ƙasarmu da zafi, a jefar da shi. Wannan al'adar ta gareji ta kashe injina da yawa. Injin gazuwal da ke aiki a sanyaye ba ya ƙone mai da kyau, yana tara gawayi, silinda na saurin cinyewa, kuma a wasu injinan rashin tamostat na sa ruwa ya fi son hanyar ratse ya bar kan silinda da ƙishi.

Tunda abokan aikin ƙanenka galibi injin rataye suke amfani da shi, irin su Yamaha da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, ka gaya masa nasu jikinsu alminiyam ne kusan duka. Sitirik mai sauƙi, kamar rabin ƙarfin da na faɗa, ko binegar, awa ɗaya zuwa biyu, bayan an sauke ƙafar inji an cire tamostat. Na tayil ko kusa.

Can inda za shi, Komadugu da Tafkin Chadi ruwan daɗi ne, ko da yake tafkin na ƙara gishiri da kanwa in aka nausa arewa. Ɓawo zai ragu sosai, abokan gabar injin za su koma yashi da laka da ciyawa. Ka haɗa masa da matatar ruwa a gaban famfo wadda zai iya buɗewa da hannu ya wanke kullum, da farfelar roba biyu ta ajiya a cikin leda nesa da rana, da gaskit ɗin marfin famfo. Ya riƙa duba sandar tutiya duk bayan 'yan watanni, in ta yi farin lulluɓi ya goge ta da burushin waya har ƙarfen ya fito, don a ruwan daɗi takan rufe kanta ta daina aiki. In za a jingine jirgin na tsawon lokaci, ya kwance magudanar bulok ya tsiyaye ruwan kada laka ta bushe a ciki.